Birkin da ya tafi a Hawan Kibo ya kuma dawo da kansa

Wajen ƙarfe 11 na safe ne, ina kwance a ƙarƙashin wata mota a gareji, wayata ta dinga ruri a aljihu har sau uku kafin na samu na goge hannu na ɗauka. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ke jan motar hayar da muka haɗa kuɗi muka saya. Ko sallama bai yi ba, abin da kawai ya fito daga bakinsa shi ne "Yaya birki ya tafi", sai haki, ina jiyo mata a bayansa suna ta salati wani yaro yana kuka. Nace kowa lafiya? Yace lafiya lau Allah ya tsare, amma gefen motar ya gogu da jikin tudu. Nace kar ka kuskura ka motsa ta daga inda take, gani nan zuwa.

Motar dai 'yar Kwatano ce, irin masu layi uku ɗin nan, giyar hannu, Jos zuwa Abuja yake yi da ita. Cikin watan Agusta ne ruwa ya zauna sosai, ranar ma da yayyafi aka tashi. Mutum 8 ne a ciki har da shi, ga buhunan dankali da kabeji a but har ƙofar baya sai da aka ɗaure ta da igiya, wanda duk ya san tashoshinmu ya san wannan lodin ba baƙon abu bane.

Ga yadda ya ba ni labari, na kuma sa ya maimaita min sau uku a lokuta daban daban saboda a irin wannan aikin bakin direba shi ne rabin bincike. Ya wuce Riyom ya fara sauka gangaren Hawan Kibo, sai ya zare giya ya saka motar a firi kamar yadda ya saba don ya rage shan mai. Bai yi nisa ba ya tarar da wata tirela a gabansa ta sha lodi tana rarrafe, ga kwana a kan kwana ba halin ya wuce ta, to sai ya ɗora ƙafa a kan birki ya bar ta a nan, ba takawa da ƙarfi ba, dannawa dai kaɗan kaɗan ba ɗagawa, haka suka yi ta tafiya mintuna masu yawa. Yace ya ji ƙauri kamar ana ƙona roba amma ya ɗauka daga tirelar ne. Da aka zo wani ɗan miƙe tirelar ta ɗan ba da rata sai ya ɗaga ƙafarsa, motar ta ɗauki gudu, da kwana ta gaba ta taso ya taka birki sai kawai ƙafarsa ta tafi har ƙasa kamar ya taka soso. Ya yi famfo sau huɗu ko biyar, birkin ya ɗan kama kaɗan ya sake saki, sai Allah ya ba shi dabara ya taka kuloci ya tura giya ta uku da ƙarfi injin ya yi wani irin kuka, ya sake turawa ta biyu, ya kama hambirki yana ja a hankali, ya karkatar da ita ta gogi tudun gefen hanya har ta tsaya.

To inda lamarin ya rikice shi ne, kafin na isa wurin an yi sama da awa ɗaya, ina shiga na taka birki sai na ji shi tsaf, tauri kamar dutse. Na tada injin na sake takawa, lafiya lau. Wani bakaniken bakin hanya da aka kira ya riga ya buɗe bonet ya ga man birki a cike, ya leƙa ƙasa ba ɗigo ko ɗaya, yace ko dai iska ce ta shiga ko masta ce, wato famfon da ke tura man birki in an taka, ta fara gajiya. Wani dattijo a cikin fasinjan yace ai wurin nan dama ba a rasa mutanen ɓoye. Wata mata kuma ƙiri ƙiri tace gyangyaɗi direban ya yi yake so ya laɓe da birki. Ƙanena idonsa ya cika da hawaye yace "Yaya wallahi tallahi ba ƙarya nake ba, ƙafata har ƙasa ta je." Na yarda da shi, don ina zuwa na kai hannu kusa da wilin gaba na dama na ji har lokacin yana huci, na ɗaya gefen kuwa ya fi shi sanyi nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi tayar min da hankali ba gogewar motar bane. Kafin na iso, da suka ga birki ya dawo, har wasu fasinja sun fara matsa masa a ci gaba da tafiya tunda abin ya gyaru, shi ma har zuciyarsa ta fara karkata saboda kuɗin motar da zai mayar. Ga sauran gangara a gaba. Muka tsayar da wasu motoci aka rarraba fasinjan da kayansu, ita kuma muka nemo janwe aka dawo da ita Jos.

Washegari da sassafe na fara bi ɗaya bayan ɗaya. Maganar masta na fara dubawa tunda ita aka zarga: in robobin cikin masta sun mutu, idan ka ɗora ƙafa ka riƙe ba ka ƙara ƙarfi ba za ka ji birkin yana nutsewa a hankali a hankali. Na riƙe fiye da minti ɗaya bai motsa ba. Yoyo kuma na bi tiyo huɗun, na bi fayif ɗin ƙarfe har baya, na duba bayan masta inda ta haɗu da busta, wato abin da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi in an taka birki, ko'ina a bushe, kuma man bai ragu ba. Iska fa? Iska in ta shiga layin birki ba ta fita don mota ta huta, za ka yi ta jin laushi safe da yamma har sai an yi bilidin, wato an buɗe noti an fitar da ita. Saura fad, wato abin da ke matse faifan taya ya tsayar da mota, shi ma in ya yi zafi ya daina ci, yadda yake yi daban ne, birkin zai tsaya da taurinsa a ƙarƙashin ƙafarka kana dannawa da dukkan ƙarfinka amma mota tana sulɓewa. Nasa kuwa ƙafa ce ta zurma har ƙasa. Kenan wani abu ne mai matsuwa ya shiga layin a lokacin zafi, da aka huce ya ɓace bai bar sawu ba.

Na ɗaga gaban motar da jak na juya tayar hagu ta yi ta juyawa, na juya ta dama ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta tsaya. Da na kwance ta, faifan birkin ya koma shuɗi shuɗi da ruwan toka irin na ƙarfen da ya sha wuta, fad ɗin ciki ya cinye saura ƙiris ya kai ƙarfe, fuskarsa tana ƙyalli kamar gilas, na waje kuma da sauran nama, wanda ke nuna kalifa, wato ƙarfen da ke riƙe da fad ɗin yana matse su a jikin faifai, ba ta zamewa yadda ya kamata. Ɗaya daga cikin fil ɗin da take zamewa a kansu ya kafe da tsatsa sai da guduma ya fito, robar da ke kare fistin daga ƙura ta yage, bakin fistin ɗin duk tsatsa. Wato tun kafin a zo gangara, tun daga tasha, wannan tayar tana tafe ne da birki a ɗan kame, tana tara zafi.

Ina cikin haka ogana da ya koya min aiki ya leƙo, tsoho ne yanzu ba ya kwanciya ƙarƙashin mota amma idonsa na nan. Ya sa na kwance ɗan notin bilidin na wannan kalifar na tara man a cikin farar roba. Sabon man birki garau yake, ɗan rawaya rawaya kamar man gyaɗa da aka tace. Abin da ya fito baƙi ne kamar shayin da ya kwana a buta, har da ɗan gari gari a ƙasa. Oga ya ɗaga robar ya kalla a rana yace "Yaushe rabonka da juye man nan?" Nace Oga ai kullum ina dubawa, in ya ragu ina ƙarawa. Yace "Ba ƙari na tambaye ka ba, juyewa nace." Na yi shiru, don gaskiyar magana tunda muka sayi motar, shekara 3 kenan, ban taɓa zubar da shi na sa sabo ba, kuma da man da ta shigo da shi daga waje take yawo wanda shi ma ya riga ya tsufa. Ƙarin ma da nake yi daga wata kwalba nake yi da ke ajiye a kan kanta a gareji, murfinta ya daɗe da fashewa na toshe da leda. Laifi na ne, kuma ƙanena da mutum 7 ne suka kusa biyan kuɗinsa.

Na je na aro ɗan abin gwajin nan mai kama da biro da ake tsomawa a cikin tankin man birki, yana da fitilu da ke nuna yawan ruwa daga 0 zuwa kashi 4 cikin 100. Ina tsomawa duk suka kama har jar ta ƙarshe. Ba wai abin gwajin ya kai na'urar da ke dafa man ta auna inda yake tafasa bane, amma ya isa shaida, balle ma man da ke can ƙasa cikin kalifa galibi ya fi na tanki lalacewa.

Bari in yi bayanin abin da ya faru a cikin layin, don da yawa cikinmu muna gyaran birki shekara da shekaru ba mu taɓa tsayawa mun yi tunaninsa ba. Ka samu sirinji ka zuƙi ruwa ka toshe bakin da yatsa ka danna, ba zai motsa ba ko kaɗan. Zubar da ruwan ka zuƙi iska ka toshe ka danna, zai tafi ya dawo kamar sifirin. Birkin ƙananan motoci gaba ɗaya a kan wannan ya dogara, ruwa ruwan abu ba ya matsuwa, shi ya sa in ka taka a nan masta ta tura mai, man ya bi fayif ya tura fistin a can, fistin ya matse fad a jikin faifai. Duk ranar da wani abu mai matsuwa ya shiga tsakani, ƙafarka shi za ta tsaya matsewa, ƙarfin ba zai isa taya ba. Tururi kuwa kamar iska yake wajen matsuwa. Idan man da ke bayan fistin ya yi zafi har ya tafasa, kumfar tururi ta taru a cikin kalifa, shikenan birki ya tafi alhali ko ɗigo ɗaya bai zube ba. Mota ta tsaya ta huce, tururin ya koma ruwa, birki ya dawo, bakanike ya zo ya duba yace ba komai.

To me zai sa ya tafasa? Masu yin man sun san wurin wuta zai zauna shi ya sa suka haɗa shi yadda zai jure. Rubutun DOT ɗin nan da muke gani a jikin kwalba ma'auni ne na ma'aikatar sufuri ta Amurka, kuma kowace lamba akwai mafi ƙarancin zafin da dole man ya jure kafin ya tafasa. DOT 3 sabo fil daga kwalba digiri 205 ne a ma'aunin Salshiyos, DOT 4 kuma 230, DOT 5.1 ya kai 260. Sai dai akwai lamba ta biyu da ba a cika faɗa mana ba, wato bayan man ya sha ruwa kamar kashi 3.7 cikin 100. A nan DOT 3 ya faɗo 140, DOT 4 ya faɗo 155, DOT 5.1 ya dawo 180. Duba DOT 4 da murfin tankin motarmu ya ce a sa, digiri 75 cur ya tafi saboda ruwan da a lita guda bai fi cokali uku na cin abinci ba. Namu kuma ya wuce wannan ma'aunin ma.

Ruwan kuma ba sai wani ya zuba ba. Sinadarin da ake yin DOT 3 da 4 da 5.1 da shi ɗabi'arsa ce jan danshi daga iska, kamar yadda gishiri yake jiƙewa a kwano da damina ba wanda ya zuba masa ruwa. Yana ja ta ɗan ramin numfashi na murfin tanki, yana ja a hankali ta jikin tiyon roba, yana ja duk lokacin da aka buɗe murfi ana leƙe, kwalbar da aka buɗe aka ajiye kuwa kafin ma a zuba ta ta riga ta sha. Da gangan aka yi shi haka fa, don in ruwan ya gauraye da man ba zai taru wuri ɗaya ya ci ƙarfe ko ya daskare a ƙasashen sanyi ba, amma sharaɗin shi ne a dinga juye shi, kamfanonin mota da yawa suna cewa duk shekara 2. Mu a nan ga damina mai tsawo ga wankin inji da ruwan famfo mai ƙarfi ga shiga kududdufi har rabin taya, amma sai ka ga mota ta shekara 10 ba a taɓa juye mata ba. Baƙin mai kowa ya san ranar canza shi, har a jikin gilas ake rubutawa. Man birki kuwa in dai yana kan layin cika to lafiya lau a wajenmu.

Sai maganar zafin da kansa, daga ina ya zo har ya kai haka. Birki ba abin da yake yi illa ya mayar da gudun mota ya zama zafi. Na zauna na yi lissafi da biro don in gamsar da ƙanena: a ƙaddara mota da mutane da kaya sun kai kilo 2,500, a ƙaddara kuma ta sauko tsayin mita 500, ƙarfin da za a kashe a wannan saukar in zafi ne ya isa ya ɗauki ruwan sanyi kusan lita 40, jarka biyu manya, ya kai shi tafasa. In mota tana cikin giya injin yana shanye kaso mai tsoka na wannan. In tana firi kuwa, in ka cire ɗan abin da iska da taya suka rage, duk sauran a kan faifai da fad zai sauka, kuma na gaba su ke ɗaukar mafi yawa. Faifai a doguwar gangara yana iya wuce digiri 400. Tsakanin wannan wutar da man birki ba komai sai naman fad da fistin, kuma naman fad ɗin shi ne katangar da ke tare zafi, in ya cinye zafin ya samu gajeriyar hanya. A tayarmu ta dama fad ya ƙare, kalifa a kafe, ƙafa a kan birki ba ɗagawa balle faifai ya sha iska, man kuma ya sha ruwa. Abu huɗu suka haɗu a taya ɗaya.

Akwai abin da ƙanena ya yi ta tambayata, yace Yaya to me ya sa duk lokacin da ƙafata ke kai yana ci, sai da na ɗaga na sake takawa ya tafi? Na tuna masa murfin lagireto. Inji ya yi zafi ruwan yana zaune lafiya a ciki saboda a matse yake, kana buɗe murfi sai ya yi tsalle ya tafaso a fuskarka. Haka man birki, muddin ƙafa na kai a matse yake, matsi kuma yana ɗaga inda abu ke tafasa, ko ya wuce iyakarsa zai daure. Kana ɗaga ƙafa matsin ya sauka, nan take ya tafasa, tururin ya buɗe ya kora man baya zuwa tanki tunda hanyar masta a buɗe take in ba a taka ba. Ruwa in ya zama tururi yana ninka girmansa sama da sau 1,600, ka ga kenan ɗan kaɗan ya isa ya cike bayan fistin. Takawa ta gaba ba mai a wurin sai kumfa. Famfon da ya yi shi ne ya ɗan matse kumfar ya turo sabon mai har ya samu ɗan kamun nan. Sannan motocin yanzu layin birkinsu biyu ne, a irin tamu a gicciye yake, gaban dama da bayan hagu layi ɗaya, gaban hagu da bayan dama layi ɗaya, don in ɗaya ya mutu ɗaya ya rage. Ina kyautata zaton can ƙasa kusa da ƙarshen takawa akwai sauran rabin birki, amma rabin birki mai zafi da wannan lodin a gangara, ga tsoro, direba zai ji kamar babu ne.

Tirela da manyan motoci su da iska birkinsu yake aiki, nasu ciwon daban ne, kar a haɗa.

Gyaran bai ɗauki kwana biyu ba. Na canza kalifar dama gaba ɗaya don fistin ɗin ya riga ya ci, ta hagu na wanke fil na sa musu girisin da ya dace na sa sabbin robobi. Faifan gaba duka biyu na canza, fad ma haka, ba a canza gefe ɗaya a bar ɗaya. Tiyon gaba na dama na ga ya fara tsattsagewa ta kusa da kalifa saboda zafi shi ma na cire. Sannan na sayo DOT 4 lita 1 a rufe da hatiminsa, na zuƙe tsohon da ke tanki, na cika da sabo, yarona yana famfo ni ina buɗe noti taya bayan taya, ba mu bar kowace taya ba sai da baƙin ya ƙare garau ya fara fitowa, ina kuma lura kar tanki ya yi ƙasa ya ja iska. Wannan ne bambancin juyewa da ƙari, ƙari a sama yake tsayawa, wanda ke cikin kalifa inda wutar take yana nan yadda yake. Ragowar da ta saura a kwalbar ban mayar kan kanta ba. Ita kuwa tsohuwar mai toshin leda ranar na rabu da ita.

A nan dan Allah a kula da wani abu, DOT 5 da DOT 5.1 ba 'yan uwa bane duk da lambar ta yi kama. DOT 5 da silikon ake yinsa, launinsa shunayya, ba ya gaurayuwa da sauran kuma ba a sa shi a yawancin motoci masu ABS, wato na'urar da ke hana taya kafewa in an taka birki da ƙarfi. Abin da aka rubuta a murfin tankinka shi za ka bi. Man sitiyari ko man giya ko baƙin mai kuwa in ya shiga layin birki kumbura robobi yake yi gaba ɗaya. Ruwan omo da na taɓa ganin wasu direbobi suna ɗurawa in man ya zube musu a daji, wannan a digiri 100 zai tafasa, a kan tudu irin Jos ma bai kai 100 ba, in har larura ta sa an yi to a garin farko a wanke layin tas.

Da aka gama ban ba shi makulli ba sai da muka koma Hawan Kibo tare, ba fasinja, buhunan yashi muka loda. Ni na ja a saukar farko yana gefe. Tun daga sama kafin gangara ta fara na sa giya ta uku, inda ya yi tsanani na koma ta biyu, injin yana ƙara yana riƙe motar, in gudu ya ɗan hau sai in taka da ɗan ƙarfi na 'yan daƙiƙu in rage sosai in ɗaga ƙafa gaba ɗaya faifai ya sha iska. Yace Yaya wannan kukan injin ba zai lalata shi ba, kuma ai mai yake sha. Na gane damuwarsa, tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowane direba lita yake ƙirgawa, firi ya zama ruwan dare a hanya. Sai na nuna masa cewa motoci masu injekta irin tamu, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur tana gangarawa, kwamfutar motar yanke man take yi gaba ɗaya tunda tayoyi ne ke juya injin, a firi kuwa dole ta ci gaba da ba shi mai don kar ya mutu. Wato firin da ya kusa kashe su ko man ma ba ya ragewa. Ya yi shiru ya daɗe bai ce komai ba. Mai otomatik shi ma yana da L ko 2 ko wurin rage giya da hannu, don irin wannan wurin aka yi su.

A ƙasa muka tsaya na sa ya kai bayan hannunsa kusa da wili huɗun ba tare da ya taɓa ba, ɗumi ne kawai kuma dama da hagu daidai. A nan na ƙara ja masa kunne a kan abubuwan da na san direbobi na yi. In ka ji ƙauri ko birki ya fara laushi ka nemi wuri ka tsaya tun yana ci, kar ka watsa wa faifai ruwa don yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, ka sa dutse a taya ka bar ta ta huce da kanta, kuma ka sani bayan tsayawa ma zafin faifai yana ci gaba da ratsawa cikin kalifa tunda iska ta daina bugawa, don haka kafin ka tashi ka taka ka ji. In ya riga ya tafi kana cikin tafiya to abin da ka yi ranar daidai ne, famfo, rage giya ɗaya bayan ɗaya, hambirki a hankali yatsa a kan maɓallinsa, amma kar ka kashe inji don busta da sitiyari za su yi nauyi a lokacin da ka fi buƙatarsu. In ya huce ya dawo kuma, man da ya taɓa tafasa ba a sake yarda da shi, gareji za a nufa ba gaba ba.

Saukar ta biyu shi ya ja, na ga hannunsa na ɗan rawa da muka zo kwanar da abin ya faru, ya yi bisimilla ya wuce a giya ta biyu.

Ya ba da labarin a tasharsu, cikin satin direbobi 5 suka zo gareji wai a gwada musu. Na sake aro abin gwajin, daga baya ma na sayi nawa. Huɗu a cikinsu ja ya nuna. Uku sun yarda an juye a take, kuɗin man bai kai na kujera biyu ba. Na huɗun, dattijo ne da ya girme ni sosai, yace shekararsa 20 yana bin hanyar nan bai taɓa canza man birki ba kuma bai taɓa tsinke masa ba. Nace Baba gaskiya ne, na kuma san kai da giya kake sauka shi ya sa, amma ranar da kalifa ɗaya ta kafe maka ko ka ba yaro motar fa? Yace zai dawo in ya sauke lodin gobe. Na ajiye masa kwalba ɗaya a rufe a cikin durowa. A motarmu kuma na manna farin salatif a cikin bonet kusa da tankin, na rubuta wata da shekarar da aka juye da biron maka mai kauri yadda duk wanda ya buɗe zai gani.